Allurar kashe wuri ga mai daɗaɗɗen ciwo: magani ce ko ɗaga ƙafa?

Nas_Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ke yawaita a unguwanni, musamman wajen dattawa masu ciwon gwiwa da ciwon baya. A sayo kwalbar lidoken, wadda muke kashe wuri da ita kafin ɗinki, a zuƙa a sirinji a soka daidai inda mutum ya nuna da yatsa. Ciwo ya ɗauke nan take, mutum ya yi sallarsa a tsaye, jibi ya dawo a ƙara masa. Hujjar masu yi ita ce gara wannan da tiramadol, tunda ba ta sa maye. Tambayata ga likitocinmu da masu magani: allurar kashe wuri tana da gurbi a ciwon da ya haura wata uku? In tana da shi, a ina, nawa, kuma wa ya dace ya yi ta?

Likitan_Barci:
Wa alaikumus salam Sista. Tana da gurbi, amma ba wannan da kika kwatanta ba. Jijiyar ji tana aika saƙon zafi ne ta wasu ƙananan ƙofofi da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga cikinta. Lidoken tana toshe ƙofofin, saƙo ya kasa isa laka da ƙwaƙwalwa. Kamar a katse wayar ƙararrawa ne alhali ɓarawo yana cikin gida. Da jini ya kwashe maganin ya kai hanta ta narkar da shi, komai ya dawo yadda yake. Lidoken zalla awa ɗaya zuwa biyu take yi. Bufibaken, wadda aka fi sani da Marcaine, takan kai awa huɗu zuwa takwas.

A ciwo mai daɗewa amfaninta na farko bincike ne. Ƙashin baya yana da ƙananan gaɓoɓi ta baya, kowace da siririyar jijiyarta. Ana sa rabin mil kacal a kan jijiyar ana kallo ta na'urar hoto. In mafi yawan ciwon ya ɗauke na tsawon aikin maganin, an gano mai laifi, sai a ƙone jijiyar da wata allura mai zafi a tsininta, sauƙin ya kai wata shida zuwa shekara. Na biyu, a samar wa mai gashin ƙashi 'yan awannin da zai motsa gaɓar da ta sandare. Na uku, jijiyar da ita kanta ta samu rauni take ta harbi ba dalili. Wannan wani lokacin sauƙinta yakan zarce lokacin maganin da kwanaki ko makonni.

Famasis_Fagge:
Bari in sa lissafi, don a nan ake halaka mutane. Lidoken mai kashi 1 cikin ɗari tana da miligiram 10 a kowane mil, mai kashi 2 tana da 20. Iyakar zalla miligiram 4.5 ce a kowane kilo na nauyin mutum, mai haɗe da adirenalin, sinadarin da ke matse jijiyar jini, kuma 7. Mai kilo 60 ke nan kada ya wuce miligiram 270, wato mil 13 da rabi na mai kashi 2. Kwalba mai mil 20 ta kashi 2 kuwa miligiram 400 ce a ciki. Wanda ya raba kwalba guda a gwiwa biyu da ƙugu a zama ɗaya ya riga ya tsallake iyaka bai sani ba.

Dr_Tarauni:
Malam Famasis, 4.5 ta littattafan Amurka ce. Na Ingila 3 suke koyarwa ga zalla. Ga mutanenmu ni ta ukun nake ba da shawara. Tsohuwa mai kilo 45, ga ƙarancin jini, ga ciwon hanta da ba a taɓa aunawa ba, miligiram 135 ce iyakarta, ko mil 7 na mai kashi 2 bai cika ba. Kuma wa yake ɗora ta a sikeli a kemis?

Famasis_Fagge:
Ba musu, Likita. Duka biyun suna rubuce, kuma ƙaramar ta fi tsira. Ƙari a kai: bufibaken miligiram 2 ce a kowane kilo, kuma in an haɗa ta da lidoken gubarsu taruwa take, ba kowace ke da nata kason daban ba.

Abban_Hanifa:
Ni dai ba ma'aikacin asibiti ba ne, ina karatu ne kawai. Wace guba kuke nufi? Na ɗauka in ta yi yawa wurin ne kawai zai daɗe a mace.

Likitan_Barci:
A'a Malam. Ƙofofin sodiyam ɗin nan akwai su a ƙwaƙwalwa da zuciya. In magani ya yi yawa a jini, ko tsinin allura ya faɗa jijiyar jini aka tura kai tsaye, can zai je ya toshe. Yakan fara da leɓe da harshe su mutu, ɗanɗanon ƙarfe a baki, kunne ya riƙa ƙara, jiri, magana ta karye ko mutum ya hau surutu marar kan gado. Sai tsoka ta fara fizga, sai jijjiga irin ta farfaɗiya, sai numfashi, sai bugun zuciya ya rikice. Bufibaken ta fi mugunta domin tana maƙalewa a zuciya, wani lokacin ba ta ma yin gargaɗin farko.

Abin yi: a tsayar da allura, a ba da iskar oksijin, a kwantar da jijjiga da dayazefam ko midazolam, a sa ruwan kitse mai kashi 20, Intralipid, mil ɗaya da rabi a kowane kilo a tashin farko, wato mil 90 ga mai kilo 60, sannan a ci gaba da mil 15 a kowane kilo a awa, jimilla kada ta haura mil 12 a kowane kilo. Ba a fafe gora ranar tafiya: ɗakin da babu waɗannan a ajiye, bai kamata a yi babbar allurar toshe jijiya a cikinsa ba.

Kariya kuwa mai sauƙi ce. A ja sirinji baya kafin turawa a ga ko jini zai shigo, a tura mil 3 zuwa 5 a dakata, a sake ja, ana yi ana jan mutum da hira. Da muryarsa ta canza a tsaya.

Sista_Hotoro:
Kuma a riƙe shi minti talatin kafin a sallame shi. Wadda aka sa a tsoka a hankali take shiga jini, sai mutum ya hau adaidaita sannan jiri ya kama shi.

MaiGashinKashi:
Ina so in tsaya kan ciwon wuya da kafaɗa, don shi ne ya cika mana layi: teloli, masu ɗinkin hula, direbobi, masu zaman kwamfuta. Za ka taɓa tsokar da ta taso daga wuya zuwa kafaɗa ka ji wani ƙulli kamar igiya, in ka danna zafin ya harba ƙeya ko hannu. Likita yakan kama ƙullin tsakanin yatsu biyu ya ɗago shi, ya sa rabin mil zuwa mil ɗaya na mai kashi 1 da siririyar allura. Ɗagowar nan ba ado ba ce. Saman huhu yana kusa sosai a ramammen mutum, in aka soka a miƙe za a iya huda shi iska ta taru a ƙirji. Wanda ya fara haki ko ciwon ƙirji bayan allurar kafaɗa ko ta tsakanin haƙarƙari, hoton ƙirji yake buƙata a ranar, ba gobe ba.

Abin da ake mantawa: allurar ba ita ce maganin ba. A cikin awa biyun nan ake miƙar da tsokar, sannan mutum ya ci gaba a gida, sakan talatin sau uku, safe da rana da dare, ya gyara tsayin kujera da teburin keke. In bai yi ba, ƙullin yakan dawo. Ko busasshiyar allura ba magani tana kwance ƙullin, sai dai ta fi barin tsami.

Dr_Tarauni:
Haka ne. Kuma ba a sa bufibaken a tsoka don a ce ta fi daɗewa. Ta fi sauran lalata naman tsoka in ana maimaitawa.

Dattijon_Kurna:
Ku yi haƙuri da ni 'ya'yana, duk kun yi bayani mai kyau amma kun kauce wa tambayar Sista. Talaka mai ciwon gwiwa ba shi da kuɗin na'urar hoto. Diklofenak ya ci masa ciki ya taɓa ƙoda, tiramadol kuma kun san inda ya kai matasanmu. Tun da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 kowa ya san girman abin a Kano. In mil 3 na lidoken a gwiwa zai sa tsoho ya yi barci, mil 3 na mai kashi 2 miligiram 60 ce, nesa da iyakar da kuke lissafi. Ina laifin?

Likitan_Kashi:
Baba, ranka ya daɗe, laifin ba a yawan maganin yake ba a nan, a gaɓar yake. Cikin gwiwa wuri ne da ƙwayar cuta in ta shiga ba ta da mai korarta da sauri. Kwalba ɗaya da ake ta sokawa kwana da kwanaki, fata da aka shafa wa auduga sau ɗaya, shi ke nan gwiwa ta kumbura ta yi zafi ta tara mugunya, guringuntsi ya narke cikin kwanaki. Wanda ya zo da sanyin ƙashi yana takawa sai ya koma neman tiyatar wanke gaɓa. Sannan magungunan kashe wuri kansu suna kashe ƙwayoyin guringuntsi in suka daɗe a kai. An ga haka a Amurka ga waɗanda aka sa wa bututu yana ɗiga bufibaken cikin kafaɗa bayan tiyata, har hukumar magungunansu ta yi gargaɗi a 2009. Allura ɗaya ba ta kai wannan ba, amma ta kowane kwana biyu wata da watanni, babu mai ba ka tabbaci.

Ga kuma na uku: gwiwar da ba ta jin zafi mai ita zai ɗora mata nauyin da ba za ta iya ba, ya hau bene, ya durƙusa a ƙasa, da yamma ta kumbura fiye da da.

Dattijon_Kurna:
To me za a ba shi? Kada a ce masa ya rage ƙiba kawai a sallame shi.

Likitan_Kashi:
Man shafawa na diklofenak a kan gwiwar, wanda kaɗan ne ke shiga jini. Farasitamol giram ɗaya, kada ya wuce huɗu a yini. Ƙarfafa tsokar cinya. Sanda a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ciwon ba. Sallah a kan kujera, masai na zaune. In gwiwar ta tashi sosai, allurar sitiroyid mai rage kumburi a gaɓa, Kenalog miligiram 40 haɗe da ɗan lidoken, a asibiti da tsabtar tiyata, ba fiye da sau uku zuwa huɗu a shekara ba. Wadda ta ƙare gaba ɗaya sai canjin gwiwa, ana yi a Asibitin Ƙashi na Dala.

Dr_Tarauni:
Ni ko sau huɗun ina da ja a kai. An yi gwaji a Amurka, aka wallafa a 2017: allurar Kenalog duk wata uku har shekara biyu, aka gwada da ruwan gishiri. Ciwo bai bambanta ba, amma masu sitiroyid sun fi asarar guringuntsi. Ga mai ciwon siga kuma sukarinsa yakan hau na kwanaki, dole a gaya masa ya riƙa aunawa.

Likitan_Kashi:
Na san gwajin. Su kan jadawali suka yi, ko da ciwo ko babu. Ta lokacin da gwiwa ta tashi daban ce. Amma na yarda ba abin mayarwa al'ada ba ne.

Maman_Sadiq:
Don Allah a taɓo 'yan sikila. Su ne suka fi kowa zama da ciwo, kuma su ne aka fi yi wa allura a gida.

Likitan_Yara_Sheka:
Hajiya kin taɓo inda yake. Ciwon ƙugu mai daɗewa ga mai sikila sau da yawa kan ƙashin cinya ne ke mutuwa saboda jini ba ya isa. Lidoken a ɗuwawu ba ta kai can, gaɓar tana da zurfi. Abin da ake samu shi ne a soki babbar jijiyar da ta sauka bayan cinya, ƙafa ta saki mutum ya riƙa jan ta. Ƙugun yana buƙatar hoto da wuri, sandunan rage nauyi, da likitan ƙashi. Ciwon ƙashi da zazzaɓi kuma a fara tunanin ƙwayar cuta a ƙashin, kada a kashe wurin a rufe alamar. Mun riga mun ga abin da allurar kashe ciwo ta fentazosin da ake yi a gida ta yi wa cinyoyinsu, gyambo da tsoka ta taurare kamar itace. Kada lidoken ta zama ta biyu. Mai haɗe da adirenalin kuwa a nisanta ta da yatsunsu, tana matse jijiyar jini.

Nas_Gwammaja:
Mu an koya mana ba a sa mai adirenalin a yatsa, kunne, hanci ko gaba ga kowa ma.

Likitan_Barci:
Tsohuwar koyarwa ce, Sista. Likitocin tiyatar hannu yanzu suna sa ta a yatsan mai lafiyayyen jini ba matsala. Amma ga mai sikila, mai siga da ƙafarsa ta fara sanyi, da mai shan taba da yawa, dokar tana nan. A kaciya kuma zalla kawai, ba sassauci.

Famasis_Fagge:
Ba wanda ya ambaci filasta, ita ce kuwa hanyar da mutum zai yi da kansa a gida. Versatis ko Lidoderm, mai kashi 5, faɗinta santimita 10 da 14, miligiram 700 a ciki amma kusan kashi 3 cikin ɗari ne ke shiga jini. An yi ta ne don zafin da ke saura bayan ƙurajen nan da ke fitowa a jere a gefe ɗaya na ƙirji ko ciki, waɗanda ƙwayar ƙarambau ke dawowa ta haifar, inda ko riga ta taɓa sai mutum ya yi ƙara. Ƙa'ida: awa 12 a jiki, awa 12 a huta, kada a wuce guda uku a lokaci ɗaya. Ana yanka ta da almakashi daidai wurin kafin a ɓare bayanta. Fata ta zama busasshiya, ƙuraje sun warke sarai. Gashi a rage da almakashi, ba reza ba. In sati biyu zuwa huɗu babu canji a daina, kuɗi ne ke tafiya.

Sista_Hotoro:
A zafin Afrilu gumi ke ɓare ta kafin azahar. Gara a manna bayan wankan dare a cire da safe, dama da dare ciwon ya fi hana sakat. Kada a ɗora tsumma mai zafi ko robar ruwan zafi a kai, zafi yana ƙara shigarta jini. Wadda aka cire a ninke ta a jefa inda yaro ba zai kai ba, mafi yawan maganin yana nan a jikinta.

Wanzami_Zamani:
Tambaya daga ɓangarenmu. Wasu suna shafa man lidoken kafin ƙaho ko bayan tsaga don rage zafi. Ya halatta a likitance?

Famasis_Fagge:
Bayan tsaga sam. Fatar da aka yanka ba ta tace komai, in aka shafe faɗin baya aka rufe da leda, maganin zai shiga jini kamar an yi allura. Na haɗin lidoken da firiloken, EMLA, da masu benzoken suna da wata matsalar: sukan canza jini ya kasa ɗaukar iska, leɓe ya yi shuɗi, oksijin bai gyara ba. Maganin wannan shi ne metilin bulu, shi kuma haɗari ne ga mai ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare ƙwayoyin jini daga fashewa, wanda ba baƙo ba ne a cikin mazanmu. Jarirai sun fi kowa saurin kamuwa.

Dr_Tarauni:
In koma kan ciwon baya da Sista ta fara da shi. Abin da ya fi dame ni ba gubar ba ce, jinkirin ne. Tarin fuka na ƙashin baya yana nan a garin nan. Ciwon baya mai tashin mutum da dare, rama, gumin dare, zazzaɓin yamma, ko dattijo mai wahalar fitsari da ƙila dajin mafitsara ne ya bazu zuwa ƙashi: kowace allurar da ta ba shi sauƙin awa biyu ta ƙara masa sati bai je hoto ba. In ƙafafu suka fara rauni, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari ya riƙe ko ya zube ba sani, wannan na gaggawa ne a daren, a kai shi asibitin Malam Aminu Kano ko na Dala ko na Murtala.

Abban_Hanifa:
Masu siga da tafin ƙafarsu ke zafi kamar barkono fa? A yi musu a ƙafar?

Dr_Tarauni:
A'a. Jijiyoyin duka ne suka taɓu, babu guda da za a toshe, kuma huda ƙafar mai siga neman gyambo ne. Amitiriftilin miligiram 10 zuwa 25 da dare, ko firegabalin a fara da 75, a rage in ƙoda ta yi rauni, tare da saita sukari. Firegabalin ma an fara shan sa don maye, sai da takardar likita.

Likitan_Barci:
Akwai ta ƙarin ruwa ga ciwon jijiya da ya gagari ƙwayoyi: lidoken zalla marar sinadarin adanawa, miligiram 3 zuwa 5 a kowane kilo cikin kamar awa ɗaya, da na'urar bugun zuciya a jiki da likita a tsaye. Wasu sukan samu sauƙin kwanaki ko makonni, wasu ko kaɗan. Na faɗe ta ne don a san akwai, ba don wani ya rataya leda a ɗaki ba.

Dattijon_Kurna:
Na ji duka. Amma har yanzu tsohon nan na Kurna da ba zai samu ganin likitan ƙashi ba sai bayan dogon layi, daren yau fa? In kun hana mai kemis, wanda dama doka ba ta ba shi izinin allura ba, sai ku ce a wace ƙaramar cibiya za a koya wa ma'aikaci yin ta daidai.

MaiGashinKashi:
Ta tsoka ana iya koya wa likitan ƙaramin asibiti cikin ɗan lokaci, Baba. Ta gaɓa da ta ƙashin baya ne ba za su sauko ƙasa ba.

Likitan_Kashi:
Ta gwiwa ma za ta iya saukowa in akwai safar hannu ta tiyata, maganin goge fata da aka bari ya bushe, sabuwar kwalba ga kowane mutum, da rajistar da za ta nuna yaushe aka yi ta ƙarshe. Rajistar ce ma ta fi wuya, don mutum zai karɓa a Kurna ya sake karɓa a Rijiyar Lemo.

Nas_Gwammaja:
To a katin asibitinsa za a rubuta ko a ba shi wata 'yar takarda ya riƙe? Kuma Likitan_Barci, wanda ya zo mana an riga an yi masa a waje ba mu san ko mil nawa ba, ga shi yana buƙatar ɗinki, awa nawa za mu jira kafin mu ƙara masa?

Likitan_Barci:
Rabin lidoken yana barin jini cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu ga mai lafiyayyar hanta, ya fi haka ga tsoho da mai ciwon zuciya. In ba a san adadi ba a ɗauka ya sha iyakarsa, a jira awa huɗu in raunin zai jira. In ba zai jira ba, a tsarma mai kashi 1 da ruwan gishiri daidai wa daida ta koma rabin kashi, a sa mafi ƙarancin da zai isa, da layin ƙarin ruwa a hannu. A tambayi wanda ya rako shi ko kwalbar tana nan, don in Marcaine ce lissafin ya canza.

Famasis_Fagge:
A duba jikin kwalbar da kyau kuma. Akwai Marcaine mai nauyi, mai haɗe da sukari, ta allurar laka ce a tiyata, ƙaramar kwalba ce mai mil 4. Tana yawo a kasuwa tare da sauran.